Itacen da Na Aika wa Murja

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar matata Murjanatu. A irin wannan watan ta tafi, kwana ashirin da uku bayan ta haifi ɗiyarmu. Duk shekara in watan ya kama nakan yi mata sadaka, in roƙa mata gafara, in yi shiru. Bana ne na ga shirun ya ishe ni haka, saboda wani abu da ya faru a gidanmu makonni uku da suka wuce, wanda zan zo gare shi in na gama faɗa muku ko wace ce Murja.

A lokacin da na san ta, ina da tebur na hayar littattafan soyayya a kasuwar Mafara, kusa da masu albasa. Duk littafin da ya zo sai na karanta shi kafin in ba da haya, har na kai ina ganin duniya kamar yadda ake rubuta ta a ciki. Na yi ta jiran ranar da wata za ta tsaya gaban teburina, mu haɗa ido, duniya ta tsaya cak. Da ranar ta zo, duniya ba ta tsaya ba. Wata doguwar yarinya ce ta ajiye littafin da ƙawarta ta ara, hannunta yana ƙanshin sabulun asibiti, ta ce:

“Mai tebur, yarinyar da ke cikin littafin ga sau huɗu tana suma, ba wanda yat tuna a auna jininta. Ba ka da wanda mutanen ciki ke da hankali?”

Daga ranar ba ta sake kirana da wani suna ba sai Mai tebur, har bayan aurenmu.

Murja ɗiyar mahauci ce daga Maradun, tana zaune wurin gwaggonta a Mafara saboda aiki. Aikin kuwa a asibitin Sistoci ne. Ga waɗanda ba su san shi ba, 'yan ɗariƙar Katolika ne ke da babban asibiti a wani birni mai nisa da mu, ba na kasuwanci ba, sai suka buɗe masa ƙananan rassa a karkara. Namu yana bakin gari, ta hanyar zuwa Bakolori, ɗakuna huɗu da baranda. Akwai ɗaki ɗaya ta wajen Bakura, da wata rumfa ta wajen Maradun wadda motarsu ke zuwa lokaci-lokaci. Kati ɗaya ake ba mutum, duk reshen da ya je da shi za a karɓe shi, in ciwon ya fi ƙarfinsu su rubuta takarda su ɗauke shi da motarsu zuwa babban asibitin. Da farko mutane sun yi ɗari-ɗari da su saboda gicciyen da ke jikin bango. Amma bayan ɗakin awo akwai buta da tabarma, kuma in aka kira azahar ba a kiran kowa sai an idar. A hankali matan da ke aiki a gonakin shinkafa da albasa suka cika barandar.

Babbar wurin ita ce Sista Marta, wata gajeriyar mata daga ƙasar Ibo, mai faɗa da saurin dariya. Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da tambayar inda ke ciwo ba, saboda haka Murja ce bakinta. Ita ke rubuta kati, ita ke ɗora jarirai a ma'auni, ita ke mayar da faɗan Sista ya zama magana mai daɗi kafin ya isa kunnen mutane. Akwai abu guda da su biyun suka fi nanatawa ga masu ciki, shi ne maganar wankan jego. Ba su taɓa cewa a bar wanka ba, sun san ba mai ji. Cewa suke a sassauta zafin ruwan, a rage kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, a rage kanwa a kunu. Sannan Murja takan ɗaga babban yatsanta sama ta ce wa mata, in mai jego ta kumbura, a danna mata yatsa a ƙwauri. In aka ɗaga gurbin ya tsaya bai ciko ba, kuma tana haki in ta kwanta, to ba sanyi ba ne, zuciya ce ta gaji, a kawo ta a ranar. Na sha tsayawa a bakin barandar ina jiran ta tashi aiki, ina jin wannan magana. Amma ni a lokacin ba maganar nake saurare ba, muryar nake saurare.

Shekararmu ɗaya da rabi da aure ta haihu. Da yake haihuwar fari ce, kamar kowace ɗiya sai ta tafi gidansu wanka, wurin mahaifiyarta da muke kira Inna. Aka yi ƙauri irin na gidan mahauta, aka yi suna, aka sa wa yarinya Asma'u. A al'adarmu miji ke kai itacen wanka da kanwa da kayan yaji, kuma da yawan itacen ne matan unguwa ke auna yadda miji ke son matarsa. Ni kuwa na ƙudura cewa ba a taɓa ganin so irin nawa ba a Maradun. Amalanke uku na aika, na busasshen marke mai ci da ƙarfi, da kanwa wadda za ta ishi masu jego biyar. Aka ce mini mata sun yi ta leƙowa suna guɗa. Na ji daɗi har raina.

Kwana goma sha biyar da haihuwa wani direba ya kawo mini takarda da rubutunta. Ba wata kwana-kwana a ciki. Ta ce ƙafafunta sun kumbura, ta danna gurbin ya tsaya, kuma ba ta iya barci sai a zaune. Ta ce, “Ka faɗa wa Sista.”

Da na tafi wurin Sista a ranar, da wannan rubutu da nake yi muku yanzu bai zama dole ba. Amma sai na ga ai bai dace in turo baƙi da mota gidan surukai ba tare da na je na gaishe su ba. Washegari na hau mota zuwa Maradun. Na durƙusa a ƙofar zauren ciki, Inna tana daga bayan asabari, ba ta ganina ba na ganinta, kamar yadda ya dace tsakanin mutum da surukarsa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi na Maradun. Can na ce ya mai jego.

“Lahiya lau, Malam,” in ji Inna. “Sanyi ne yat taɓa ta, jiki ya ɗan tashi. Mun ƙara mata wuta, mun ƙara kanwa. Ni haihuwata tara, duk haka munka yi. Itacen ne dai ya fara ja baya.”

Takardar Murja tana cikin aljihuna, ina jin ta a jikin ƙirjina. Na san maganar da ya kamata in yi, na ji ta a barandar nan ba sau ɗaya ba. Amma ta yaya yaro ɗan shekara ashirin da shida zai buɗe baki ya ce wa matar da ta haifi tara, ta kuma ba shi ɗiyarta, ba ki san jego ba? Na ce, “Allah shi ba ta lahiya, Inna.” Ta ce amin. Ban nemi ganin Murja ba, don miji ba ya nuna zumuɗi a gidan wanka. Na dawo Mafara, na rubuta mata takarda shafi huɗu, na kwatanta ta da wata, na kwatanta ta da ruwan Bakolori da safe. Na haɗa da amalanke na huɗu.

Na ce wa kaina zan faɗa wa Sista in na ga hali. Kwana biyar na yi ina neman yadda zan faɗa ba tare da ya zama na kai ƙarar Inna ba. Ranar da na faɗa, tana cikin wanke wa wani manomi ciwo a ƙafa. Ta karɓi takardar Murja ta ba wani ya karanta mata, ta tambayi yaushe ta zo, na faɗa. Ba ta yi mini faɗa ba, ita da ke yi wa kowa. Ta dube ni kawai, ta cire safar hannu, ta ƙwala wa direba kira. Da la'asar suka ɗauko Murja daga Maradun, suka wuce da ita babban asibitin. Kwana biyu ta yi a can. Ina zaune kusa da ita ta buɗe ido ta ce, “Mai tebur, na ga takardarka. Ta yi daɗi.” Da hantsi ranar ta uku ta cika.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, ban taɓa jayayya da wannan ba. Inna ta riƙe Asma'u ta raine ta. Ni da ita muka ci gaba da gaisawa ta bayan asabari duk sallah, shekara ashirin da ɗaya, ba wanda ya taɓa ɗauko zancen. Na yi wani aure daga baya, Allah ya ba ni 'ya'ya, ina godiya. Teburin haya ya mutu tun da labarai suka koma cikin waya, yanzu littattafan makaranta nake sayarwa.

Nakan tambayi kaina abin da Murja za ta ce da ta ga yau. Ina jin za ta yi murna da waya, ita da sai da ta nemi direba ya kawo mini takarda. Amma da ta bi hanyoyin da motar Sistoci ke bi a da, da ta yi kuka. Tun da 'yan bindiga suka hana hanya lafiya aka rufe ɗakin wajen Bakura. Rumfar wajen Maradun ta faɗi, awaki ke kwana a gurbinta. Motar ba ta shiga ƙauyuka kuma. Sista Marta ta tsufa an mayar da ita gida, ban san ko tana raye ba. Reshen Mafara kaɗai ya rage, shi ma da ma'aikata kaɗan. Matan da a da ake zuwa musu har bakin gona, yanzu su ke neman hanyar zuwa, wasu kuma ba sa samu. Ban san wanda ke tsayawa a gabansu ya ɗaga yatsa ba.

To, Asma'u ta girma, ta auri wanda take so, wani yaro mai ladabi daga Bakura, Sanusi, manomin albasa. Watan jiya ta haifi namiji, ta tafi wanka gidan Inna. Kwana goma sha biyu da haihuwa ina shago da hantsi sai wayata ta yi ƙara. Sanusi ne. Muka gaisa, ya tambayi kasuwa, ya tambayi mutanen gida, ya sake tambayar kasuwa. Na gane akwai magana.

“Baba, jiya na je Maradun. An ce ƙafarta ta ɗan kumbura, kuma in ta kwanta numfashi na yi mata wuya. Amma Inna ta ce sanyi ne.”

Na ce, “Kai mi kac ce?”

“Baba, mi zan ce gaban Inna? Na ce Allah shi sawwaƙe. Yanzu ma itace nika nema in ƙara musu.”

Na zauna a kan wani kwalin littattafai. Muryata na ji a bakin yaron nan, da ladabina, da tsorona. Ban ga laifinsa ba, haka muka raine shi. Na ce ya bar itace, ya same ni tashar Mafara yanzu.

Direbobi suka ce an wuce lafiya da safe, muka ɗauki shatar mota. Duk tsawon hanya ina tsara maganar da zan yi, ina gyara ta, ina sa mata ado, kamar yadda na saba. Da muka isa ƙofar gidan na ji ƙamshin hayaƙi da dafaffen ganyen darbejiya, sai duk abin da na tsara ya zube. Na yi sallama a zaure, ban tsaya ba. Na ɗaga asabarin da ban taɓa ɗagawa ba, na shiga tsakar gida.

Mata suka watse suna neman mayafi. Ga ƙatuwar tukunya tana tafasa a kan murhu. Inna tana zaune a kan tabarma, ta tsufa ƙwarai, ta ƙanƙance, rabona da ganin fuskarta sosai tun ranar da aka kai Murja. Na durƙusa na ce ina wuni, ban jira sauran gaisuwar ba, na wuce ɗakin da Asma'u take.

Ita ɗiyar fari ce, saboda haka tun tana ƙarama ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, ban taɓa ɗaukar ta ba, in za mu yi magana kowa gefe yake kallo. Na same ta a zaune an jingina ta da matasai, tana haki, fuskarta ta yi suntum. Ta ga ni ne, ta fara ƙoƙarin rufe kanta. Na tsuguna gabanta na ce ta miƙo ƙafa. Na danna babban yatsana a ƙwaurinta, na ƙirga biyar, na ɗaga. Gurbin ya tsaya.

Na fito na durƙusa gaban Inna, Sanusi yana bakin zaure ya kasa shigowa. Na ce, “Inna, ba sanyi ba ne. Asibiti za mu tafi da ita, yanzu.”

Wata daga cikin matan ta ce, “Subhanallahi! Mai ɗanyen jiki za a fitar cikin iska? Ko arba'in ba ta yi ba hwa!” Wata ta ce tun da take ba ta taɓa ganin suruki ya shigo har murhu ba. Ni dai ƙasa nake kallo. Sai Inna ta ce, “Ku janye itacen ga daga wuta. Ku ba ni mayafina.”

Kafin la'asar muka isa asibitin Sistoci. Wata sabuwar Sista ce a wurin, yarinya, Hausarta tsaf, ba ta buƙatar tafinta. Ta auna jinin Asma'u, ta saurari ƙirjinta, ta yi mata allura, ta shiga da ita ciki. Bayan kamar awa biyu ta fito ta ce zuciyar ta wahala, amma an zo a kan lokaci. Washegari suka rubuta takarda aka wuce da ita babban asibitin, ta yi kwana shida. Yanzu tana gidana a Mafara tana shan magani, za ta daɗe tana sha, an hana ta kanwa da gishiri, tana wanka da ruwa mai ɗumi. Yaron yana shan nono. Likita ya ce sai an ci gaba da lura da ita, ba mu fita daga tsoro ba tukuna.

In na auna abin da ya rage na Murja, ba shi da yawa. Kabarinta ya baje tuntuni, ba zan iya nuna shi ba. A asibitin ba wanda ya san sunanta, na tambaya. Hotonta ɗaya ne, shi ma ya dushe. Na daɗe ina zaton abin da ta bar mini shi ne kewa, ina renon kewar kamar wani abin ado. Ashe abin da ta bari ƙarami ne kuma ba shi da ado ko kaɗan, 'yar magana ce da take yi wa matan gona a baranda, wadda ta shiga kunnena ba da nufina ba, ta zauna shekara ashirin da ɗaya tana jiran in yi amfani da ita. Ta yi wa ɗiyarta amfani. Ita ce ba ta yi wa ba, kuma wannan ba ya gyaruwa.

A cikin awa biyun nan da muka yi muna jiran Sista ta fito, Sanusi ya tafi neman ruwa. Ya rage ni da Inna a baranda, tana zaune a kan benci da jaririn a cinyarta, ni ina tsugune can nesa a ƙasa, na ba ta gefe. Ba ta dube ni ba ta fara magana.

“Malam, ta faɗa mini hwa. Kwananta goma da haihuwa tac ce, Inna, a kai ni wurin Sista. Na ce ɗiyar zamani, daga aikin asibiti za ki koya mini jego? Ba ta sake cewa komai ba. Ba wanda na taɓa faɗa wa.”

Na ce, “Inna, ni ma ta rubuto mini. Takardar tana aljihuna ranar da naz zo muka gaisa.”

Ta gyara wa jaririn zane. Hawaye suna bin fuskarta, ba ta share ba. Ni ma ban share nawa ba. Ba ta ce ta yafe mini ba, ban ce na yafe mata ba, don mai yafewar ba ta cikinmu. Can ta matsa zuwa ƙarshen bencin, ta dafa wurin da ta tashi.

“Taso daga ƙasa,” ta ce. “Jiran da nisa.”

Na taso na zauna kusa da ita.